Fiffiken da Na Haɗa wa Ɗan Inna

Shekarar da Inna ta rasu, wato ƙanwar mahaifiyata, ɗanta ya dawo Dakoro bayan ya fi shekara ashirin a ƙasar Turawa. Bai riski jana'iza ba. Ya iso kwana biyu bayan an rufe ta, da jaka ɗaya a kafaɗa, ya zauna kan tabarmar gaisuwa tare da mu yana amsa ta'aziyya da murya ƙasa-ƙasa. Aka yi addu'ar bakwai, ƴan uwanmu na ƙauyen Mai Yara suka koma sharar gona, kowa na jiran ya ji ranar tafiyarsa. Bai tafi ba. Ya share ɗakin uwarsa, ya shimfiɗa katifa a ƙasa, ya zauna.

Ni mai walda ne. Rumfata tana bakin hanyar da ke zuwa kasuwar dabbobi. Ina yin ƙofofi da tagogi, ina gyaran amalanke, ina haɗa kwamin shayar da shanu. Na girme shi da shekara shida, don haka Yaya yake ce mani tun yana ƙarami. Shi ya bi lakwal, wato makarantar boko, har ya samu bursu, tallafin karatu, ya ƙetare, ni kuma na kama ƙarfe tun ban yi gemu ba. Abin da muka sani game da aikinsa kaɗan ne. Inna takan ce yana wurin da ake ƙera jiragen sama, kuma ba wanda ya taɓa matsa mata da tambaya, don ita ma iyakar saninta ke nan.

Wata safiya ina cikin yankan ƙarfen taga sai na ga inuwa ta tsaya a kaina. Shi ne. Muka gaisa, ya ja benci ya zauna, ya daɗe yana kallon kayan aikina ɗaya bayan ɗaya kamar mai shirin saye.

"Yaya, kana da tol maras kauri?"

"Kwanon rufin ɗaki?"

"Wanda ya fi shi sirantaka, in akwai."

Na ce akwai guntaye. Ya ciro ɗan littafi daga jakarsa, ya yage shafi ɗaya ya miƙo mani. Zane ne na wasu ƴan abubuwa masu kusurwa uku, kamar haƙoran zarto, kowanne bai wuce farcen babban yatsa ba. Ya ce arba'in yake so. Ya kuma ce in samo falle ɗaya mai tsawon hannu, in lanƙwasa shi ya yi doro kamar bayan cokali, sannan in dasa haƙoran nan a jere a kan rabinsa, in bar rabi ɗaya fili.

"Na mene ne?"

"Iska nake so in gani."

Na yi dariya, ina jiran ya ƙara bayani. Bai yi dariya ba, bai kuma ƙara komai ba. Na riƙe takardar ina juya ta. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, duk wanda ya kawo mani aiki ya kan faɗi amfaninsa tun ban tambaya ba, ko da ƙarya ce. Wannan ne mutum na farko da ya ba ni aiki ya rufe bakinsa.

Duk da haka na yi. Ɗan Inna ne, ga kuma makokin da yake ciki.

Tol ba ya son wuta. Ka daɗe a wuri ɗaya da ƙiftawar ido, sai ya huje. Ina da dabarata ta yin irin wannan aiki. Nakan sa falle na jan ƙarfe a ƙarƙashi ya riƙa shan zafin. Sannan ina da wata ƙaramar fanka da na ciro daga matacciyar mota, na haɗa ta da batir, na ɗaura mata gwangwani a gaba, na matse bakinsa ya zama siriri kamar bakin aljihu. In na kwantar da ita a gefen teburi, iskar takan fito a shimfiɗe, ta bi saman ƙarfen ta kwashe hayaƙi da tartsatsi daga gaban gilashin da nake kare ido da shi, in riƙa ganin inda wuta take ci. Tari da ciwon ido ne suka sa na ƙirƙiro ta, shekaru da yawa da suka wuce, kuma ban taɓa ɗaukarta wani abu ba.

Ina fara aiki ya tashi daga benci ya tsuguna kusa da ni. Ba haƙoran yake kallo ba, fankar yake kallo. Da na ɗaga gilashi sai na ga salularsa a hannu, yana ɗaukar hoto.

"Me ya sa ka matse bakin?"

"In ban matse ba iskar watsewa take yi."

"In ka ɗaga ta sama kaɗan fa?"

"Sai ta wuce ta bar hayaƙin."

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa. Idona ne ya matsa mani."

Ya sa ni na matsar da ita gaba, na dawo da ita baya, ya auna tazarar da yatsunsa, ya rubuta. Ban ji daɗi ba. Mutumin da ke ƙera jirgin sama, me zai yi da gwangwanin tumatir?

Kwana biyu na yi kafin in gama. Ya sayo jan zaren ulu wurin mata masu saƙa, ya yayyanka shi guntu-guntu, ya manna su da gam a duk bayan tol ɗin, layi-layi, kowane zare kansa ɗaya a manne, ɗaya a sake. Da ya gama, abin ya yi kama da wata dabba da aka fige rabi. Ya ce in haɗa mashi ƙafafu huɗu da za a iya ɗaure su da igiya. Na haɗa.

Daga nan ne labari ya fita daga rumfata ya shiga gari. Ya samu wani direba mai ɗaukar ƴan kasuwa, ya ɗaure abin a kan motarsa, ya ɗaure salula a bayansa tana kallonsa. Suka hau gudro, wato titin kwalta, suka nufi hanyar Maraɗi, suka yi ƴar tafiya suka dawo, ba fasinja ko ɗaya. Kashegari suka sake. Rana ta uku direban yana da lodi zuwa wajen Azagor, can arewa, ƙanena ya ce kada a kwance abin, ya shiga gaba ya bi su.

Shekarun nan ba na ganin abin da ba ka gane ba ka wuce ba ne. Kullum ana jin an kore shanun wane, an tare hanyar wane gari. Ana kuma maganar jirage marasa matuƙi da ke yawo a sama suna ɗaukar hoton mutane. Makiyayan da suka ga mota ta wuce da wani ƙarfe mai jajayen gashi a kanta, ga salula tana leƙe, ba su yi shiru ba. Kafin motar ta dawo Dakoro, labarinta ya riga ta isowa.

Muna da fada da muke zama bayan la'asar, mu biyar ko shida, ana dafa shayi. Akwai wani dillalin shanu a cikinmu, abokina tun ƙuruciya, mutum ne da ba ya barin magana ta kwana a cikinsa. Ina zama ya juyo gare ni.

"Kai, wanga ƙanen naka, mi shika yi da hanyar arewa?"

"Ya ce iska yake dubawa."

"Iska! Can inda ya hito babu iska ne? Na tambayi direban da kaina. Ya ce shina zaune da agogo, shina cewa ƙara wuta, rage wuta, shina magana cikin wata salula da yaren da ba Faransanci ba. Awon hanya shika yi. Ko wurin saukar jirgi suka aiko shi nema, ko kuwa abin nan na kan mota shi ka kiran na sama."

Wani ya ce a bar zancen, mutumin yana cikin makoki. Dillali ya ce ai shi ne abin dubawa: wanda bai zo uwarsa na da rai ba, me ya zaunar da shi bayan ta mutu? Ni ma tambayar ta daɗe tana yawo a raina, ban dai furta ta ba.

Da na koma gida na tarar maganar ta riga ni. Matata ta ji ta wurin ɗibar ruwa. Ta ajiye mani tuwo, ta zauna nesa kaɗan, ba ta tashi ba kamar yadda ta saba.

"Malam, abin nan da ake faɗi, kai ka haɗa shi?"

"Ni na haɗa."

"Ka san ko mene ne?"

Na jawo kwanon tuwon gabana.

"To, shi in ta ɓaci yana da inda za shi. Kai fa? Hannunka ne a jikin ƙarfen nan, duk garin nan an san waldarka."

Washegari ya zo rumfa da abin a hannu, ya ce haƙora biyu sun karkace a hanya, in gyara. Fuskarsa a sake, karo na farko tun zuwansa. Na so in tambaye shi kai tsaye, amma duk lokacin da na buɗe baki sai in ji kamar zan zargi Inna ne a kabarinta. Aka kira azahar. Ya tashi ya yi alwala, ya ce mu je. Na ce ya yi gaba, zan kashe wuta in biyo shi. Ya bar jakarsa a kan benci.

Ban taɓa buɗe kayan wani ba a rayuwata, sai ranar. Na zuge ta. Littafin nan na sama. Shafi bayan shafi zanen fukafukan jirgi ne, da kibau suna bi ta sama da ƙasa, da lissafi, da rubutun da ban iya karantawa ba. Can wajen ƙarshe na ga zanen teburina, da fankata, da gwangwanin, har da matsattsen bakinsa, an ja wani jan layi daga sama ya sauko daidai inda nake walda. A aljihun ciki kuma na samu fasfo biyu. Ɗaya namu, ɗaya mai wani launi daban, duka da hotonsa.

Fasfo na biyun nan ne ya gama da ni. Ban san a lokacin ba cewa mutum kan riƙe biyu ba tare da laifi ba. Na mayar da komai yadda nake zaton na same shi, na tafi masallaci na tsaya a sahu ɗaya da shi, ban san abin da na karanta ba.

Da yamma, maimakon fada, na tafi gidan mai unguwa. Dattijo ne da ya san iyayenmu duka. Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa mashi komai, har da jakar.

Ya daɗe yana shafa gemu. "Ɗan uwanka ne fa."

"Shi ya sa na zo wurinka, Baba, ban je wani wuri ba. So nake a san ni ban san komai ba."

"Wagga magana ta hi ƙarhina. In na ji na yi shiru, gobe ni za a tambaya. Ka gane abin da nika nuhi?"

Na ce na gane. A hanyar gida na riƙa gaya wa kaina cewa iyalina na kare. Amma na san ban ba shi damar ya yi mani bayani ba, kuma na san da gangan ne.

Da hantsi jandarmomi biyu suka tsaya da mota a bakin rumfata. Ƙanena na zaune a baya, tol ɗin a kan cinyarsa. Suka yi mani sallama cikin mutunci, suka ce shef, wato babbansu, yana son ganin wanda ya yi aikin. Na rufe rumfa na shiga. Muka haɗa ido da shi, ya ce, "Ina kwana, Yaya," kamar kasuwa za mu. Mutane sun tsaya a bakin hanya suna kallo.

Shef ɗin mutum ne mai furfura a gefen kai, da alamar gajiya a idonsa. Ya sa aka ɗora abin a kan teburin biro, wato ofishinsa, ya zagaya shi, ya taɓa zaren da alƙalami. Ya karɓi fasfo biyun da salular ya ba wani ya fita da su. Ƙanena ya fara bayani da Faransanci, shef ya ɗaga hannu.

"Yi da Hausa. Yayanka ma ya ji abin da ya haɗa."

Ƙanena ya dubi kusurwar ɗakin. "Ranka ya daɗe, a ara mani fankar can."

Akwai kuran, wato wutar lantarki, a ranar. Aka jawo babbar fanka mai tsaye, aka kunna ta har ƙarshe, takardun teburi suka tashi, wani ya bi su yana tattarawa. Ƙanena ya riƙe tol ɗin a gabanta a kwance. Duk zaren suka kwanta suka miƙe baya, lafiya lau.

"Wannan fiffiken jirgi ne in yana tafiya daidai," in ji shi. "Iska tana bin bayansa, tana manne da shi. Mannewar nan ce ke ɗauke da jirgin. Yanzu ku duba."

Ya fara ɗaga gaban tol ɗin a hankali. Sai zaren da ke ɓangaren da babu haƙora suka fara rawa, suka hargitse, wasu har suka juyo suna kallon gaba. Na bayan haƙoran kuwa suna nan kwance, sai ɗan motsi. Shef ya sunkuya ya kawo fuskarsa kusa.

"In jirgi zai sauka yakan rage gudu ya ɗaga hanci. A nan ne iska kan saki fiffike, kamar yadda ta saki wannan gefen. In ta sake shi gaba ɗaya, jirgin ya zama ƙarfe kawai. Haƙoran nan suna murɗa iskar ne, su dama ta, ta koma ta manne. Ba ni na ƙirƙiro su ba, an daɗe ana sa su a jirage. Damuwarsu ita ce in jirgi ya hau sama yana gudu, ba a bukatarsu, sai jan shi baya da suke yi, yana ƙara shan mai. Ni ina neman waɗanda za su kwanta in ba a so su, su tashi in ana so. Ina gwada jeri ne da tazara, in ga wanne ya fi."

"Salular fa?"

"Ba zan iya zama kan mota tana gudu ba. Ita ke kallon zaren a madadina. Ku duba hotunan, ba za ku ga hanya ba, sai tol da sama."

Shef ya koma kujerarsa. Ya yi tambayoyi da yawa: sunan wurin aikinsa, wa ya aiko shi, wa yake kira a salula. Ƙanena ya ce ba wanda ya aiko shi, kuma ba kira yake yi ba, gudun motar yake naɗa da murya a wata salula don ya haɗa shi da hoton. Daga ƙarshe shef ya yi tambayar da duk garin ke yi.

"Can wurinku babu injinan gwada wannan?"

"Akwai. Akwai ɗaki guda da ake hura iska a ciki don wannan kawai."

"To me ya sa sai a kan motar kasuwa, a Dakoro?"

Ƙanena ya sa yatsa yana gyara wani zare da ya naɗe.

"Sau uku mahaifiyata tana cewa in zo, ina cewa sai na gama wani aiki. Aikin nan ne. Da na iso an riga an rufe ta. Na kasa komawa, na kuma kasa zama a ɗakinta hannu sake. In ban sa kaina wani abu ba, ranka ya daɗe, ban san yadda zan yi da yini ba."

Fanka na ta juyawa, ba wanda ya tuna ya kashe ta. Ni dai ƙasa nake kallo.

Suka ajiye mu a benci a waje har bayan azahar, suna buga waya suna duba hotuna. Aka kawo mana ruwa. Wajen la'asar shef ya kira mu, ya mayar mashi da kayansa, ya ce ba su ga laifi ba, amma kada ya sake ɗaura wani abu a kan mota ya bi hanya ba tare da ya sanar ba, don zamanin ba na haka ba ne. Ni kuma ya ce in riƙa tambaya kafin in haɗa abin da ban sani ba. Na ce to.

Da ƙafa muka koma. Yana rungume da tol ɗin, zaren na kaɗawa. Na yi ta jiran ya tambayi wanda ya kai ƙararsa. Bai tambaya ba. Sai na ji bakina ya kama wata magana daban.

"Fankata fa? Me ya haɗa ta da jirgi?"

Ya dube ni. Sai a lokacin na tuna cewa zanen fankar a cikin littafi yake, littafin kuma a cikin jaka. Amma ya ɗauki hotonta a gabana, don haka tambayar tana da mafaka. Ban san ko ya lura ba.

Ya ce haƙoran gaske ana yin su da ƙarfe mai sirantaka kamar takarda, wanda sandar walda ba ta iya taɓawa. Da haske ake haɗa su, wani siririn haske mai tsananin zafi da ake kira leza, inji ke riƙe da shi. Amma in ƙarfen ya narke, tururinsa kan tashi ya tare hasken, tartsatsi kuma ya ɓata gilashin injin, sai ɗinkin ya fito wani wuri ya kama, wani wuri bai kama ba. Suna hura iska su kore shi, amma bai taɓa gamsuwa da yadda suke yi ba.

"Da na ga taka a kwance tana bin saman ƙarfe, sai wani tunani ya zo mani. In na koma zan gwada."

"In ya yi fa?"

"In ya yi, za ka ji."

Ya tafi bayan addu'ar arba'in. Gari bai wanke shi duka ba. Dillali ya ce an sake shi ne don yana da manya a sama, kuma har yau in zancen ya taso haka yake faɗa. Ni kuwa wancan zargin ya fita daga raina tun a biro, sai wani ya maye gurbinsa. Na riƙa tuna yadda ya tsuguna yana auna tazara da yatsu, yadda ya rubuta duk abin da na faɗa. Na ce a raina, ashe ba hanya ya zo aunawa ba, ni ya auna. In na yi wannan tunanin kuma sai in ji kunya, in tuna ni ne na zuge jakar maraya ranar da ya tafi salla.

Aka yi damina biyu. Muna gaisawa ta waya daga salla sai salla, gajeriyar gaisuwa. Wata rana saƙo ya shigo salulata: hoton wata takarda mai shafi da yawa, da muryarsa a ƙasa yana cewa, "Yaya, abin nan ya fito." Ba ƙari.

Na kai wa wani malamin kimiyya na lise, wato sakandare, da na taɓa yi wa tagogi. Ya ce takardar shaidar ƙirƙira ce, irin wadda ake ba wanda ya fito da sabon abu don kada wani ya kwaikwaya. Da Ingilishi take, ya ce yana ɗan tsinta. Ya nuna mani sunaye huɗu a sama. Na ƙanena ne na biyu. Nawa babu. Muka buɗe shafin zane, sai ga wani bututu mai matsattsen baki a kwance, kibau na fita daga cikinsa suna bin saman ƙarfe, ga layi ya sauko daga sama.

"Malam, wannan ai gwangwanina ne."

Ya karanta ya sake karantawa. Ya ce shi dai a fahimtarsa, hura iska a gefen walda ba sabon abu ba ne, an daɗe ana yi. Abin da suke cewa nasu ne shi ne yadda bakin ke juyawa da kansa yana bin hasken duk inda ya nufa, da yadda ake rage iskar ana ƙara ta. Na ce to nawa ne ko ba nawa ba? Ya ce wallahi ba zai iya yanke mani ba.

Na yi makonni ina juya abin. In sata ya yi, me ya sa ya aiko mani? In godiya ce, me ya sa bai ce na gode ba? Matata ta ce in bar shi da Allah. Dillali ban ma gaya mashi ba, don na san abin da zai ce.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na zauna a rumfa ni kaɗai na kira shi. Muka gaisa, na tambayi iyalinsa, ya tambayi nawa. Sai na ce na ga takarda, an karanta mani, ban ji sunana ba.

Ya yi ajiyar zuciya. "Yaya, ba zan yi maka ƙarya ba. A wurinka tunanin ya fara. Amma yadda kake yi bai yi aiki a injin ba, sai da muka shekara muna canzawa, mu huɗu. Na ce a sa sunanka. Suka ce in nuna wane ɓangare na abin da aka rubuta ne naka, na kasa nunawa. Na yi magana sau ɗaya, da suka ƙi ban sake ba. Ya kamata in sake. Ko ni ban san nawa ne naka a ciki ba."

Na saurari muryarsa ina neman inda za ta karkace. Ban ji ba, amma ta waya ce, kuma mutum ne da ya iya shiru. Har yau ban san ko duka ya faɗa mani ba.

Na ce, "Ni ma akwai abin da ban faɗa maka ba. Ni na je wurin mai unguwa."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Fasfona biyu ba a aljihun da nake sa su na same su ba."

Ina jin ƙarar motoci a can wajensa, shi ma ƙila yana jin kukan tumakin da ake korawa kasuwa ta gabana. Na ɗauka layin ya yanke. Sai ya ce, "Ruwa ya sauka kuwa?"

Na ce ya yi jinkiri a nan cikin gari, amma wajen Mai Yara sun yi shuka tun makon jiya, gero har ya fara tsirowa. Ya ce Allah ya ba da damina mai albarka. Na ce amin.